Ɗaliban Jinya a Ƙetare: Gani Kaɗai Ba Ya Isa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai a fagen aikin jinya, ɗalibi na iya shafe makonni a asibitin wata ƙasa, ya dawo ba da komai ba sai hotuna da tsaraba. Abin da ke mayar da ziyarar ta zama karatu shi ne ya zauna ya yi bitar abin da idonsa ya gani, ya tambayi kansa dalili, ya kuma rubuta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Florence Nightingale ta je cibiyar horar da masu jinya ta Kaiserswerth a Jamus a 1850, ta koma a 1851, har ta rubuta ƙasida kan yadda ake tafiyar da wurin. A 1988 kuma wani malami mai suna Graham Gibbs ya tsara matakai shida na yin bita da makarantun jinya da dama ke koyarwa har gobe: me ya faru, me na ji a raina, me ya yi kyau ko ya ɓaci, me ya jawo hakan, wane darasi na ɗauka, sannan me zan yi in hakan ya sake tasowa.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta tashi daga Kano ta shiga ɗakin majinyata a Ingila. Ta tarar da tsohuwa kwance, babu ɗa babu jika a gefen gado, nas ce ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Abin da zai fara zuwa mata shi ne, "Mutanen nan ba su da zumunci." Idan ta tsaya nan, ta yi asarar tafiya. Idan kuwa ta bi matakan, za ta gano cewa a can asibiti ne ke ɗauke da wankan da ciyarwar, dangi kuma suna da lokutan ziyara. Haka ɗalibin Turai da ya zo asibitocinmu, ya ga 'yan'uwa sun shimfiɗa tabarma a baranda da kwanukan abinci, zai iya rubuta "rashin tsari", alhali su ne ke sayo magani, su juya marar lafiya, su kira nas idan ruwan da ake ƙara masa ya ƙare.

Wani mataki da ɗalibai kan tsallake shi ne na biyu, wato faɗin abin da suka ji a zuciya: ƙyama, tsoro, raini ko jin ƙasƙanci. Alhali a nan son zuciya ke ɓuya, kuma shi ke bin nas har bakin gadon majinyaci.

Saboda muhimmancin ɗabi'ar yin bita, tun 2016 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Birtaniya ta wajabta wa kowannensu rubuta irin wannan bita guda biyar cikin kowace shekara uku kafin a sabunta masa rajista.

Don haka duk ɗalibin da zai fita, ya tanadi littafi, ya riƙa rubutu kullum kafin ya kwanta, tun abin bai dushe ba. Kada ya sa sunan majinyaci, kada ya ɗauki hotonsa ya watsa a Facebook. Makarantu su ma su ware zama bayan dawowa, inda malami zai tambayi kowa: wane abu guda za ka canza a aikinka, da kayan da muke da su a nan?