Golan da bai taɓa fashin wasa ba

A watan Fabrairun 1910 ne 'yan wasan hokin ƙanƙara na ƙungiyar Montreal Canadiens suka yi tattaki zuwa Chicoutimi, wani gari da ke bakin kogin Saguenay a lardin Kubek na ƙasar Kanada, domin buga wasan sada zumunta. Baƙin ƙwararru ne masu cin albashi, 'yan garin kuwa sha'awa ce kawai ta tara su. Kowa ya ɗauka za a yi wa masu masauki cin kaca. Sai ga shi baƙin ne suka sha kashi, kuma wanda ya hana su sakat wani saurayi ne ɗan shekara 23, mai ƙarancin magana, da ke tsaye a bakin raga. Sunansa Georges Vézina.

Golan Canadiens na lokacin, Joseph Cattarinich, shi ne ya koma ya ce wa shugabanninsa lallai su ɗauko wannan yaro, alhali ya san gurbinsa za a ba shi. Ba kowane ɗan wasa ke iya wannan ba. Da aka yi wa Vézina tayi sai ya ƙi, ya fi son zamansa a gida. Sai da aka sake komawa a watan Disamba kafin ya amince, a kan dala 800 a kakar wasa, ya kuma tafi tare da yayansa Pierre. Pierre bai samu gurbi ba. Georges ya tsaya wa Canadiens a raga karon farko ranar 31 ga Disamba, 1910, a karawarsu da Ottawa.

An haife shi ranar 21 ga Janairu, 1887, shi ne autan 'ya'ya takwas. Mahaifinsa mai gidan burodi ne, kuma yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya koma taya shi aiki. Abin mamaki, a ƙasar da yara ke koyon gudu a kan ƙanƙara tun suna ƙanana, shi sai da ya kai shekara 16 kafin ya koyi tafiya da takalmin wasan. Kafin nan da takalminsa na yawo yake tsaron raga.

Sai mutum ya san yadda aikin yake kafin ya gane abin da wannan bawan Allah ya jure. Ana buga wasan ne a kan daskararren fili mai santsi, 'yan wasa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai. Abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ce, wani baƙin faifan roba ne, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, wanda idan sanyi ya kama shi yakan yi tauri tamkar dutse. Ragar da gola ke karewa faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4. A zamanin Vézina gola ba ya rufe fuska da komai. Sai a 1959 ne wani gola, Jacques Plante, ya fara sa abin rufe fuska a kai a kai, daga baya ya zama ruwan dare. Sannan doka ta hana gola ya faɗi ƙasa don tare faifan, har zuwa farkon 1918 da aka sassauta. Ko da aka sassauta ɗin ma Vézina bai sauya salo ba. A tsaye yake aikinsa, yana kaɗe faifan da sanda zuwa gefe, fuskarsa ba alamar firgita. Wannan sanyin rai ya sa aka yi masa laƙabi da Kokwamban Chicoutimi.

Shekarar da ya fara, shi ne golan da aka fi kasa ci a gasar. A 1916 Canadiens suka ɗauki Kofin Stanley, babban kofin wasan hoki, karon farko a tarihinsu, bayan sun doke Portland Rosebuds wasa uku da biyu. A daren wasan ƙarshe matarsa Marie ta haifi ɗansu na biyu, aka raɗa masa Marcel Stanley saboda kofin. Da aka kafa gasar NHL a 1917, shi ne gola na farko da ya gama wasa ba a zura masa ko ɗaya ba, ranar 18 ga Fabrairu, 1918, suka lallasa Toronto 9 da nema. A Disambar shekarar kuma ya zama gola na farko da aka rubuta wa taimakon ci, bayan ya tare bugu, Newsy Lalonde ya ɗauke faifan ya je ya zura.

A 1919 yana cikin tawagar da ta je Seattle a Amurka wasan ƙarshe na kofin, daidai lokacin da annobar murar nan da ta karaɗe duniya ke ta kisa. Ana kunnen doki, saura wasa ɗaya, cutar ta kwantar da 'yan wasan Canadiens da dama tare da manajansu George Kennedy, aka soke wasan, ba a ba kowa kofi ba. Abokin wasansa Joe Hall ya rasu a can ranar 5 ga Afrilu. Vézina ya dawo gida da ƙafafunsa. A 1924 suka sake ɗaukar kofin a hannun Calgary Tigers.

Duk tsawon waɗannan shekaru, ba a taɓa buɗe wasan Canadiens an ga wani a raga ba sai shi. Wasa 327 a jere na gasa, ga wasu 39 na zagayen cin kofi. Kaka 15 cur, ba zazzaɓi, ba rauni, ba uzurin gida da ya hana shi fitowa. Idan kaka ta ƙare sai ya tattara ya koma Chicoutimi, inda yake sana'ar jima. Ba ya shiga hayaniya, kafin a fita fili yakan zauna shi kaɗai a lungunsa na ɗakin sauya kaya.

Shirun nasa ya ba wasu damar yi masa ƙari. Léo Dandurand, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa golansa ba ya jin Turanci kuma 'ya'yansa 22. Jaridu suka ɗauka suka yi ta yaɗawa shekara da shekaru, har yau akan ci karo da zancen. 'Ya'yan da aka tabbatar sun tashi a gidansa biyu ne, Jean-Jules da Marcel Stanley.

A kakar 1924 zuwa 1925, yana ɗan shekara 38, shi ne dai golan da aka fi kasa ci, abin da ake zura masa a wasa bai kai biyu ba idan aka raba. Suka kai wasan ƙarshe na kofin, Victoria Cougars ta doke su. Babu wanda ya ga alamar ƙarfinsa ya ragu.

Da ya dawo atisayen share fagen kaka ta gaba, kowa ya ga ya sauya. Ya yi fari fat, ya zabge. Cikin mako shida ya rasa kusan kilo 16. Bai ce wa kowa komai ba, kuma ba a tsayar da shi ba. A nan ne labarin ke ci mini rai. Mutumin da ya rame haka a gaban idon abokan aikinsa, ba sai ya buɗe baki za a san ba shi da lafiya ba. Amma sun saba ganinsa a raga har sun daina tunanin zai iya gazawa, shi ma da alama bai san yadda ake cewa ba zan iya ba.

Ranar 28 ga Nuwamba, 1925, Canadiens suka buɗe kaka da Pittsburgh Pirates a filin Mount Royal Arena da ke Montreal. Zafin jikinsa ya kusan kai digiri 39, amma ya ɗaura kayansa ya fito. Ya tsaya minti 20 na zangon farko, ba a ci shi ba. Da aka shiga hutu sai ya fara aman jini a ɗakin sauya kaya. Duk da haka da aka koma ya sake fitowa ya nufi ragarsa. Bai daɗe ba ya yanke jiki ya faɗi a kan ƙanƙarar, a gaban dubban 'yan kallo. Aka ɗauke shi, Alphonse Lacroix ya karɓi ragar, Pittsburgh ta ci 1 da nema. Washegari likitoci suka tabbatar tarin fuka ne, kuma ya riga ya ci jiki. A lokacin ba a da maganin cutar. Streptomycin, maganin farko da ya yi tasiri a kanta, sai a 1943 aka gano shi. Abin da aka iya ce masa shi ne ya koma gida ya huta.

Ranar 3 ga Disamba ya zo yi wa abokan wasansa sallama. Dandurand ya ba da labarin yadda ya same shi zaune a lungunsa na kullum, hawaye na bin kumatunsa. Mai kula da kayan 'yan wasa, Eddie Dufour, ya riga ya jera masa takalmansa da matasan kariyar ƙafa a wurin, a zatonsa zai buga wasan daren. Vézina ya daɗe yana kallon kayan. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi rigar da ya sa a wasan ƙarshe na kofi. Aka ba shi, ya kama hanyar Chicoutimi tare da matarsa.

Ya rasu a asibitin Hôtel-Dieu na garin da asubahin 27 ga Maris, 1926, yana da shekara 39. Wasa ɗaya kacal ya buga a kakar, shi ma bai ƙarasa ba, amma ƙungiyar ta biya albashinsa na dala 6,000 cif. A waccan kakar Canadiens ne suka zo na ƙarshe a gasar.

Masu ƙungiyar su uku, Dandurand da Louis Létourneau da Cattarinich, wato golan nan da ya sauka ya ba shi wuri, suka sa kofi da sunansa domin golan da ya fi kowa a NHL. Wanda ya fara ɗauka a 1927 shi ne George Hainsworth, magajinsa a ragar Canadiens, ya kuma ɗauka sau uku a jere. Da aka fara shigar da mutane zauren karrama gwarazan hoki a 1945, Vézina na cikin rukunin farko da aka shigar, kuma a 1965 aka sa wa filin wasan Chicoutimi sunansa. Har yanzu ana ba da Kofin Vézina duk shekara, kuma tun daga kakar 1981 zuwa 1982 manyan manajojin ƙungiyoyi ne ke kaɗa ƙuri'ar zaɓen wanda zai ɗauka.