Ƴan Rakiyar Duwatsun Meksiko Sun Zama Malaman Ƙwari

A jahar Micowakan ta ƙasar Meksiko akwai duwatsu masu tsawon mita 3,000, inda mutanen ƙauyuka ke ba da hayar dawaki, suna raka baƙi cikin kurmi. Yau aikinsu ya wuce riƙon linzami, domin suna karantar da baƙin rayuwar wani irin malam-buɗe-littafi.

Cikin watan Nuwamba miliyoyin waɗannan ƙwari kan sauka bisa itatuwan wurin, bayan tafiyar da ke kai kilomita 4,000 daga Kanada da Amurka. Sai watan Maris suke komawa. Masana ba su gano masaukin ba sai a 1975, ko da yake talakawan yankin sun daɗe da saninsa. A 2008 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin kayan gadon duniya.

Ɗan rakiya kan bayyana wa baƙo cewa tsutsar ƙwaron ba ta cin komi sai ganyen wani tsiro dangin tumfafiya. Maganin kashe haki a gonakin Amurka ya rage tsiron, saran itace kuma ya rage masaukin. In kurmi ya ƙare, sanyi ya kashe ƙwarin, baƙi su daina zuwa, abincin iyali ya yanke. Don haka ƙauyuka da dama ke gadin daji da dashen itatuwa.

Tumfafiyar bakin gonakin Maraɗi da Damagaram ma tana ciyar da ɗan'uwan wannan ƙwaro. Malamin lakwal da ya kai ɗalibansa suka duba ƙarƙashin ganyenta zai sami darasi kyauta.