Daga Sakkwato Zuwa Kebbe: Darasin da Aji Ba Ya Bayarwa

Wata rana bayan sallar isha'i babban ɗana, mai shekara 14, ya zauna yana ba ni labarin Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai. Ya san tsawonsa mita 828 ne, ya san shekarar da aka buɗe shi. Da ya kai aya sai na tambaye shi: "To, ina Sifawa take?" Ya yi shiru, ya dubi mahaifiyarsa, sannan ya ce ko a Nijar take. Sifawar da ba ta kai tafiyar sa'a guda daga ƙofar gidanmu ba, garin da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa. Ban yi wa yaron faɗa ba, domin laifin nawa ne. Na shekara ina tsayawa gaban 'ya'yan wasu ina koyarwa, ga nawa sun tashi baƙi a ƙasar haihuwarsu.

Abin mamakin shi ne mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu fatake sun kai Gwanja neman goro, wasu sun taka da ƙafa har Makka. Marigayi Abubakar Imam da ya dawo daga Ingila, inda ya je a 1943, sunan da ya raɗa wa littafin tafiyarsa shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Amma yau abu uku ne ke fitar da magidanci da iyalinsa kan hanya: biki, ta'aziyya, ko gaisuwar salla. A rufe gilashin mota, a taka wuta, yara na barci ko suna latsa waya, har a isa. Mukan ratsa garuruwa, ba mu ganin su.

Saboda haka da hutun hunturu ya zo, na yanke shawarar mu yi tafiyar kwana biyu zuwa Tambuwal, mahaifar iyayena, mu zarce Kebbe. Nisan Tambuwal daga Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, tafiyar da direban haya ba ya ɗaukar ta bakin komai. Mu kuwa muka ƙudura za mu ba ta yini guda. Uwargida ta tattara wayoyin yara ta zuba a jakarta. Kowa aka ba shi littafi da biro da aikinsa. Babba zai rubuta sunan duk garin da muka wuce, ya tambayo abin da aka san shi da shi. Mai bi masa, 'yar shekara 11, itatuwa ne nata. Auta kuwa, da bai iya dogon rubutu ba, aka ɗora masa ƙidayar jakuna da raƙuma.

Zangonmu na farko Boɗinga, garin da Malam Abdullahi, ƙanin Shehu, ya zauna kafin ya tare a Gwandu. Daga nan Sifawa taku kaɗan ce. A can na zaunar da su a inuwa na gaya musu cewa wajen 1810, bayan faɗuwar Alƙalawa, Shehu ya dawo nan ya bar harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu Bello da ƙaninsa Abdullahi, shi kuma ya duƙufa ga karantarwa da rubutu, har ya koma Sakkwato a 1815, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Babban nawa ya dubi gidajen ƙasa da rumbunan gero, ya ce: "Baba, a nan?" Na ce a nan. Na ga alamar ya zaci babban al'amari sai a babban gini. Wannan kaɗai ya isa kuɗin man da na ƙona.

Muka wuce Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, malamin makarantar da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma a nan aka binne shi a watan Disamba na 2018. Muka sayi fura da nono a bakin hanya. Gaba kaɗan sai Dogon Daji, mahaifar Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. Sunan garin ya tsaya wa 'yata a rai. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, gonaki ne ƙwal har iyakar gani, ta ce: "Baba, to ina dogon dajin?" Na ce ta rubuta tambayar, za mu nemi amsa.

Da la'asar muka shiga Tambuwal, muka sauka gidan ƙanin mahaifina. Da dare ya tara yaran a tsakar gida ya ba su labarin Muhammadu Buhari wanda ya zauna garin ya mai da shi ribaɗi. Auta ya yi farat ya ce ya san shi, ai shugaban ƙasa ne. Bayan dariya ta lafa, Baffa ya bayyana musu cewa wannan Buharin ɗan Shehu Usmanu ne, malami kuma jarumi, kuma daga tsatsonsa Sarkin Musulmi Dasuki ya fito. Ya fassara musu ribaɗi da cewa gari ne da ake kafawa a bakin iyaka, mutanensa suna noma, suna karatu, suna gadin na bayansu. Yaran sun san sunan Tambuwal ne kawai ta dalilin Aminu Waziri Tambuwal, tsohon kakakin majalisar wakilai kuma tsohon gwamna. A daren nan suka gane garin ya girmi siyasar da suke ji a rediyo.

Da safe Baffa ya zaga da 'yata bayan gari da littafinta. Ya nuna mata kuka da tsamiya da ɗorawa da aduwa da magarya, kowace da amfaninta a tukunya ko a magani. Ya tsaya a gindin wani gawo mai ganye shar a tsakiyar rani, ya tambaye ta me ya bambanta shi da sauran. Ba ta sani ba. Ya ce gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi inuwa, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi. Shi ya sa manomin kirki ba ya sa masa gatari. Abin da masana aikin gona ke rubuta wa maƙalu, tsohon nan ya ƙare shi a tsaye cikin 'yan mintoci.

Da na ce za mu Kebbe, sai fuskarsa ta sauya. Ya ja ni gefe ya ce: "Ɗan nan, ku tai da sahe, ku komo kahin la'asar. Kak ku ratse cikin daji, ko mi yara sunka so gani." Ban yi musu ba. Kowa ya san kudancin jihar nan, inda ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi, bai tsira daga ta'asar 'yan bindiga ba. Na kira wani ɗan'uwa da ke can, ya tabbatar mini hanya lafiya a ranar, sannan muka kama.

Wanda ya ɗauka Sakkwato duk yashi ce da ƙaya, ya je Kebbe. Ƙasar tana gangarawa zuwa kwarin Gulbin Zamfara, wanda ke bi ta Gummi ya nufi Jega. Itatuwa sun fi kauri, giginya ta fara bayyana. A fadama muka tarar da manoman rani suna ban ruwa da injin, belbelu suna bin shanu, masunta suna gyaran koma. Yaran suka cire takalma suka taka laka, karo na farko a rayuwarsu suka ga shinkafa a tsaye, ba a buhu ba. Auta ya manta da jakunansa.

Amma abin da na fi so su gani ban iya nuna musu ba. Ina yaro na bi wani kawuna cikin dajin yankin nan a bayan keke, na ga birai da zabin daji, na ji irin shirun da babu shi a birni. Yanzu na tsaya a bakin titi ina nuna musu da yatsa daga nesa. Wani ɓangaren dajin gatari ya cinye, ga buhunan gawayi jere a gefen hanya suna ba da shaida. Wanda ya saura kuma bindiga ta hana shiga. Na ce wa 'yata ga amsar tambayarta ta jiya, ta rubuta.

Na san mai karatu zai ce: Malam, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wa ke da kuɗin yawon buɗe ido? Kuma wane uba ne zai kai 'ya'yansa bakin kura? Duka biyun gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ga ganganci. A tambayi mutanen wuri kafin a tashi, a yi tafiyar rana, a tsaya kan babbar hanya, in an ce a fasa a fasa. Batun kuɗi kuwa, tafiye-tafiyen biki da ta'aziyya da muke yi dole su ne damar. Ba ƙarin mai ake bukata ba, ƙarin sa'a biyu ne da haƙurin tsayawa. Abin da nake tsoro shi ne mu jira sai komai ya daidaita, kafin nan tsofaffi irin Baffa sun kau, ilminsu ya bi su, kuma mu wayi gari da samarin da ba su taɓa ganin ƙasarsu ba. Wanda bai san wuri ba ba zai ji zafin lalacewarsa ba. Gobe su ne za su zauna ofis su sa hannu kan makomar dazuzzuka da fadamun da ba su taɓa takawa ba.

Hukuma ma tana da nata. A 1853 Bature Heinrich Barth ya taso daga Sakkwato zuwa Gwandu, a can ya samu kwafin littafin Tarikh al-Sudan, ya kwashi abin da ya iya ya kai Turai. Baƙo ya ga darajar abin da ke hannunmu. Maƙwabtanmu na Argungu sun riƙe bikin kamun kifinsu har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Mu ba sai mun fara da babban biki ba. Allo a bakin kowane garin tarihi, da Hausa da ajami da Turanci, mai faɗin abin da ya faru a wurin. Matasa 'yan gari da aka horar su yi wa baƙi jagora. Ziyarar ɗalibai sau ɗaya a shekara cikin tsarin makarantu. Sama da duka, a maido da tsaro, domin dajin da ɗan ƙasa ba ya iya shiga ba nasa ba ne sai a taswira.

Mun iso gida da magariba, mota ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Bayan kwana biyu na tarar da littafin babban nawa a kan tabarma. A shafin ƙarshe ya jera sunaye uku: Gwandu, Argungu, Surame. A ƙasa ya rubuta: "Saura waɗannan." Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon kai su.