Yadda Motocin Japan Suka Ture Fijo A Tashoshinmu

Duk wanda ya san tashar motar Kankiya shekarun baya, ya san in aka ce ƙaramar mota, to Fijo ake nufi. Ita ke jigilar Katsina zuwa Kano, ita ke ratsa burtalin Kusada da damina, ita kuma gwamnati ke saya wa ma'aikatanta. To, me ya kore ta daga tasha?

A 1975 ne kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen na Jamus kuma a Legas. Gwamnati na da hannun jari a cikinsu, don haka ta yi masu shinge: ba mai shigo da mota sai da lasisi, ga kuma haraji mai nauyi. Naira na da ƙarfi a lokacin, har ta ɗara dalar Amurka.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi. Kafin ƙarshen 1993 sai an ba da kusan naira 22 a sami dala ɗaya a farashin gwamnati.

Nan gizo ke saƙar. Fijo dai a Kaduna ake ɗaure ta, amma injinta da yawancin sassanta daga Faransa suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Da naira ta faɗi, sai sabuwar 504 ta fi ƙarfin malamin makaranta da direban haya. Masana'antar Volkswagen ta durƙushe, ta Kaduna kuma ta yi ta jan ƙafa.

Sai ga 'yan Kwatano, wato motocin da Turawa suka hau suka gaji. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, a bi da wasu ta Nijar zuwa Maraɗi, su faɗo ta Jibiya. Toyota da Honda da Nissan na Japan suka cika gari, Daewoo ta Koriya ta Kudu ma ta taɓa kasuwa da sababbi masu araha. Abin mamaki, Volkswagen da ta rasa masana'anta ta dawo ta bayan gida, domin tsohuwar Golf ta zama motar haya.

Direba ba ruwansa da ƙasar da ta ƙera mota. Tambayarsa uku ce: nawa take, yaya shan manta, ana samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano? Motocin Japan sun amsa duka. Gaskiya dai ba su kai 504 jure ramuka da lodin buhuna ba, tsofaffin direbobi sun san haka, amma aljihu ke yanke hukunci.

Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin mai da shinge. A 2013 ta fito da tsarin da ya kai harajin shigo da ƙananan motoci kashi 70 cikin ɗari, a Janairun 2017 kuma ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. A 2022 kamfanin haɗin gwiwa na Ɗangote da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, sai dai ba irin waɗanda direban Kusada zai iya saya ya ɗora fasinja ba ne.