Gawayin da Lissafi Ya Ce Babu Shi

Ƙulun ƙulufit! Kar ka yi saurin cewa gauta, mai karatu, wannan kacici-kacicin ya fi ƙarfin dandali. Ga shi: baƙi ne a murhun mai tsire, ƙyalli yake a zoben attajira, almajiri na rubutu da shi a allo, ɗan boko na rubutu da shi a takarda. Kai kanka, in nauyinka ya kai kilo 70, kana yawo da fiye da kilo 12 nasa a jikinka. Mene ne?

In ka ce gawayi, ka taɓa bakin zaren. Masana na kiransa kabon. Shi ne gawayi, shi ne lu'ulu'u, shi ne bakin fensir, kuma a kansa aka gina tsoka da jini da duk wani abu mai rai da muka sani. To, ashe an gama? Ina! Yanzu aka shimfiɗa tabarmar shari'a. A farkon shekarun 1950 masana sun zauna da alƙalami suka yi lissafin yadda sinadarai suka samu, sai lissafin ya ce bai kamata a sami kabon mai yawa a sararin samaniya ba. Ga shi kuwa buhu-buhu a kasuwa. Wa ya ƙera shi?

Wanda na fara kamawa shi ne itace, tunda daga jikinsa ake ƙona gawayi. Bai wahalar da ni ba. Ya ce shi ɗan aike ne: daga iska ganyensa ke zuƙo kabon, iska kuma ta samo daga duwatsu da teku da cikin ƙasa, ƙasa kuma da abinta aka haife ta shekaru biliyan 4 da rabi da suka wuce. Duk abin da ke doron duniyar nan dillali ne, karɓa yake yana miƙawa. Na sallame shi. Maƙerin yana sama.

Sai na nufi babban wanda ake zargi, wato Babbar Fashewa, farkon sararin samaniya shekaru biliyan 13.8 baya. A 1948 George Gamow da ɗalibinsa Ralph Alpher, a Amurka, suka ce ai a nan aka dafa komai. Hujjarsu mai daɗin ji ce. Kowane atam yana da ƙwallo a tsakiyarsa, kamar ƙwallon mangwaro, kuma ƙwallon tarin 'yan ƙwayoyi ne iri biyu, furoton da nutron. Haidurojin na da ƙwaya 1, hiliyam 4, kabon 12. Tunda a lokacin zafi ya wuce misali, suka ce, ƙwayoyin sun riƙa mannewa ɗaya bayan ɗaya, ana hawa tsani taki-taki har a kai sama. Biri ya yi kama da mutum. Amma da aka je aka duba tsanin, sai aka tarar an cire masa matakala biyu. Babu ƙwallo mai ƙwaya 5 da ke iya tsayuwa. Babu mai ƙwaya 8. Ka hau na huɗu, ka ɗaga ƙafa, sai iska. Cikin 'yan mintuna tukunyar ta huce, ta bar haidurojin wajen kashi uku cikin huɗu, hiliyam kashi ɗaya, da ɗan ɓurɓushin litiyam. Kabon? Ko na shafa wa bango babu.

Saura taurari. A cikin tsohuwar tauraruwa da ta cinye haidurojin ɗin tsakiyarta, zafi na kaiwa digiri miliyan 100, ga hiliyam tuli. Ko ɗan aji biyu ya san 4 sau 3 sha biyu ne. Hiliyam uku su haɗu, kabon ya fito, a tsallake ramukan nan biyu gaba ɗaya. Sai dai a ce ƙwallaye uku masu gudun fitar rai su yi karo a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wannan kamar a ce maharba uku su saki kibau daga garuruwa uku, tsinin ukun su gamu a sama. Edwin Salpeter na jami'ar Cornell ya kawo dabara a 1952: biyu su fara haɗuwa su zama beriliyam mai ƙwaya 8, na uku ya riske su. Ka tuna 8? Matakalar nan ce da ta karye. Ɗauki daƙiƙa ɗaya ka raba ta gida biliyan, ka ɗauki gida ɗaya ka sake raba shi gida miliyan goma. Iyakar rayuwar beriliyam ɗin ke nan, sai ya tarwatse. Wani sa'in na ukun kan iso a kan kari. Amma da wuya. Ɗan abin da aka samu kuma, wani hiliyam na faɗa masa sai ya koma oksijin. An gudu ba a tsira ba.

Uku aka kama. Uku aka saka. Gawayi na nan yana ci a murhu. Ka gaji? Ka ba ni gari?

Na karɓa, amma ba Kano nake so ba, ba Katsina ba. Pasadena za ka ba ni, a jihar Kalifoniya.

A farkon 1953 wani Baturen Ingila, mutumin Yorkshire, mai taurin kai da son gardama, ya je jami'ar Caltech da ke garin. Fred Hoyle ke nan. Abin dariya, shi ya raɗa wa Babbar Fashewa sunan da aka san ta da shi, a wani shirin rediyon BBC a 1949, alhali har ya mutu a 2001 bai yarda da ita ba. Ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na Kellogg, wurin William Fowler, ya ce musu akwai wani abu a ƙwallon kabon da babu shi a jadawalin da suke aiki da shi. Bai tsaya nan ba, har lamba ya ba su: ku duba wajen 7.68 a ma'aunin kuzari na MeV. Masanin taurari ne ya zo yana koya wa masu fasa atam sana'arsu. Fowler bai ɓoye ba daga baya cewa da farko bai ɗauki maganar da nauyi ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Ward Whaling da abokan aikinsa na wannan ɗaki suka ce bari a gwada. Suka kawo naitirojin. Suka harbe shi da ƙwallayen haidurojin mai nauyi. Suka auna abin da ke fallatsowa. Suka jira.

Yana nan. A 7.68. Ma'aunin zamani ya ɗan gyara shi zuwa 7.65.

To, me suka gano? Duk wanda ya taɓa neman tasha a tsohuwar rediyo da asuba ya san abin. Ka murɗa kaɗan, shuuu. Ka ƙara, shuuu. Sai allura ta faɗa daidai, murya ta fito tangaram kamar mai maganar na ɗakinka. Ƙwallon atam haka yake. Ba kowane kuzari yake karɓa ba, yana da nasa tashoshi ƙididdigaggu. In baƙo ya zo da kuzarin da ya dace da wata tasha, ƙofa buɗe take, in ya saɓa sai ya wuce abinsa. Beriliyam da hiliyam in an haɗa su suna zuwa da 7.37. Zafin tauraruwa ya ɗan ƙara musu. Ga tashar kabon a 7.65, ɗan sama kaɗan, daidai inda hannu zai kai. Saboda wannan dacewa haɗuwar kan ninku sau miliyoyi. Duk da haka ba a banza ake samu ba: cikin kusan 2,500 da suka shiga wannan hali, ɗaya tak ke natsuwa ya zama kabon na dindindin, sauran su sake wargajewa. Wancan ɗayan shi ne a jikinka. Hoyle bai ga tashar da idonsa ba. Ya ga yawan kabon da ke akwai, ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya bi sawu da baya har ya faɗi lambar ƙofar. Yau masana da sunansa suke kiran tashar.

Na ɗauka a nan zan naɗe tabarma. Ashe akwai ƙofa ta biyu.

Ka tuna ɓarawon da ke mayar da kabon oksijin? In da oksijin ma yana da tasha a daidai wurin, da ɓarawon ya lashe kabon ƙaf. Aka duba. Kabon da hiliyam suna zuwa da 7.16. Tashar oksijin tana 7.12. Ƙasa take da su, da ɗan ƙiris. Zafi kuwa ƙari yake yi, ba ya ragi, don haka allura ba ta taɓa faɗawa daidai. Oksijin na samuwa, amma a hankali, gwargwadon yadda za a sami na numfashi da na ruwa, a kuma bar kabon na gina jiki. Ƙofar farko an bar ta a buɗe. Ta biyu an tura ta, an bar 'yar kafa. Wa ya yi wannan saiti?

A nan ɗakin shari'a ke rabuwa biyu, kuma adalci ya ce a saurari kowa. Steven Weinberg, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ce ba abin mamaki sosai: ƙwallon kabon a wannan hali dama tamkar hiliyam uku ne da suka riƙe hannun juna sako-sako, dole kuzarinsa ya faɗo kusa da nasu. Mario Livio da abokansa a 1989 suka gwada a kwamfuta, suka ga in an ɗaga tashar da 0.06 taurari za su ci gaba da yin kabon. Masanin tarihin kimiyya Helge Kragh ma ya tsoma baki, ya ce a rubuce-rubucen Hoyle na 1953 ba maganar rai ko ɗan Adam yake yi ba, daga baya aka yi wa labarin wannan ado. Wasu kuma suka ce wataƙila sararin samaniya ba ɗaya ba ne, ba su ƙirguwa, kowane da nasa saiti, mu kuwa dole mu tsinci kanmu a wanda ya dace, tunda a sauran babu mai tambaya.

Hujjoji ne na masu hankali, ban raina su ba. Amma Heinz Oberhummer na Biyana da abokansa biyu sun sauka ƙasa da tashar, zuwa ga abin da ke riƙe da ita. A 2000 suka wallafa cewa in ƙarfin da ke ɗaure furoton da nutron ya sauya da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ko ƙarfin lantarki da kashi 4, to kusan duk kabon ko duk oksijin zai ɓace daga taurari. Wato in Weinberg ya bayyana dalilin da allura ta tsaya a nan, tambaya ta koma kan wanda ya ƙera rediyon. Batun sammai marasa adadi kuwa, a ganina shaida ne da ba a taɓa kawo shi kotu ba, ba na'urar da ta taɓa hango ko ɗaya. Mai imani da Mahalicci ya yarda da gaibu, mai wannan ra'ayi ma ya yarda da gaibu, bambancin kawai ɗaya ya amsa sunan abin da yake yi. Ni mai bincike iyakata in nuna sawu. Injin Kellogg lamba ya bayar, bai ba da suna ba. Amma in ka tambaye ni a bakin ƙofa bayan an tashi, zan ce maka ban taɓa ganin kwaɗo biyu sun kulle kansu daidai wa daida ba tare da mai mabuɗi ba.

Shi kansa Hoyle, wanda aka sani da rashin yarda da addini, abin ya tsaya masa a rai. A 1981, a mujallar Caltech, ya rubuta cewa duk wanda ya dubi waɗannan lambobi da hankalin tuwo zai ga kamar wani hankali da ya fi namu nesa ba kusa ba ya sa hannu a dokokin kimiyya. Shekara biyu bayan nan, a 1983, aka ba Fowler kyautar Nobel kan binciken yadda sinadarai ke samuwa a taurari, mutumin da ya yi shakka ranar da aka kawo masa lambar. Sunan Hoyle babu. Me ya sa? Takardun kwamitin a kulle suke, ba a buɗe su sai sun shekara 50. Wannan karon ni zan ba ka gari.