Lambobi Biyu A Gefen Taya Da Suka Kusa Raba Yaro Da Kekensa

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Disamba, ina cikin kiran suna a aji sai na hango wani ɗalibina a bencin baya, hannunsa na hagu ɗaure da bandeji, haɓarsa duk ta kuje. Yaron ɗan shekara 13 ne, kuma kowa a unguwarmu nan Tamale ya san shi, don shi kaɗai ke da keke mai ƙafa ɗaya. Kawunsa ne ya tsinto masa shi a Kumasi cikin kayan gwanjo. Babu kai, babu sarƙa, babu birki: wili ɗaya ne da sirdi da feda biyu. Wata biyu ya yi yana dafa bangon gidansu kafin ya iya, daga nan kuma sai ya zama abin kallo, yara na bin sa da gudu duk inda ya yi.

Da aka fita tara na kira shi. Ya ce, "Tica, wallahi ban san me ya same ni ba. Da sai in zagaya filin ƙwallo sau 3 ban sauka ba. Yanzu da na zo kwana sai in ji ni a ƙasa." Ya ƙara da cewa babansa ya rantse ƙarshen wata za a ba masu sayen tsohon ƙarfe keken, tun bai karya masa wuya ba.

Na ce, "To, me aka canja a jikin keken?"

Ya ce, "Ba komai fa. Taya kawai."

Ashe tsohuwar tayar ce ta cinye, ya tara kuɗin tararsa ya sayo wata ƙatuwa mai manyan haƙora, irin ta kekunan wasan tsalle. A tunaninsa, wadda ta fi girma ita ta fi ƙarfi. Mai shagon ma bai hana shi ba, tunda duk biyun an rubuta musu 20 a gefe.

Bayan la'asar muka ɗauki keken zuwa wurin wani dattijo da ke gyara a gindin darbejiya kusa da makarantarmu, wanda shi ke yi mini facin nawa keken. Baba bai ko tambayi labari ba. Ya kifa keken, ya sa babban yatsa ya tura tayar gefe. Sai ga ta ta langaɓe, ta kwanta a kan ƙarfen kamar za ta fita.

Ya ce, "Malam, ka gani? An ɗora babban tulu a kan ƙaramin gammo. Yaron nan ba shi da laifi."

Ya sace iskar, ya cire tayar, ni kuma na zaro rula daga jakata. Muka auna rim ɗin, wato ƙarfen nan mai zagaye da taya ke zama a kai, daga bangon ciki zuwa bangon ciki: milimita 19. A gefen sabuwar tayar, ƙasa da inda aka rubuta 20 x 2.35, akwai wasu ƙananan lambobi, 60-406. A gefen tsohuwar, wadda Allah Ya sa yaron bai yar ba, an rubuta 47-406.

Waɗannan ƙananan lambobin su ne gaskiyar taya, amma da yawanmu ba ma ko kallon su. Tsari ne na ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai, ETRTO, wanda ya zama ma'aunin duniya mai suna ISO 5775. Lamba ta farko faɗin tayar ce a milimita idan an hura ta. Ta biyu kuma faɗin da'irar rim ɗin ce daga gefe zuwa gefe, daidai inda bakin taya ke zama. A rim ma wani lokaci akan buga irin wannan, misali 406x19, wato da'ira 406, faɗin ciki 19.

Ka ga ke nan tayar yaron ta dace ta fuska ɗaya, don 406 ta hau 406 lafiya lau. Matsalar tana wajen faɗi. Abin da masu gyaran keke suka daɗe suna bi shi ne faɗin taya ya kasance tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu da rabi na faɗin cikin rim. Mu yi lissafin tare: 47 a raba da 19 ya ba da kusan 2.5, wato tsohuwar tayar ma tana bakin iyaka. Ita kuwa sabuwar, 60 a raba da 19, ta haura 3. Gaskiya ne wasu kamfanonin taya suna yarda a wuce wannan iyaka, amma sai an cika iska sosai. Shi kuwa yaron rage iskar ya yi da gangan, wai don keken ya riƙa tashi da shi idan ya yi tsalle.

Ga abin da ke faruwa. Bakin taya biyu a cikin rim suke maƙale, kuma nisan da ke tsakaninsu shi ne gindin da tayar ke tsaye a kai. Idan gindin ya yi ƙanƙanta, tayar sai ta kumbura sama ta tsuke ƙasa, siffar ƙwan lantarki. Muddin ana tafiya miƙe ba za a ji komai ba. Amma da an karkata, nauyi ya koma gefe guda, sai jikin tayar ya lanƙwashe, rim ya zame a kanta. Mai keke mai ƙafa biyu zai ji bayansa na rawa, ya riƙe kan keke da kyau ya wuce. Mai ƙafa ɗaya ba shi da abin riƙewa. Duk nauyinsa a kan taya guda yake, da ƙugu yake murɗa keken ya yi kwana, kuma ɗan wurin nan da roba ke taɓa ƙasa shi ne kaɗai abin da ya dogara da shi. Idan wurin ya motsa ba da saninsa ba, faɗuwa ta zo.

Yaron ya kuma ce a bakin titi keken na jan sa zuwa kwata. Wannan ma akwai dalili. Ana gina titi tsakiyarsa ta ɗan fi gefe tudu don ruwan sama ya gangara. Keke mai ƙafa ɗaya yana jin wannan gangaren sosai, kuma taya mai faɗi da ba ta da isasshiyar iska takan ƙara jan. Mai hawa sai ya yi ta murɗa jiki yana gyarawa, kafin ya yi nisa bayansa ya gaji.

Kada kuma wani ya ce to bari in nemi rim mafi faɗi in huta. Baba ya ɗauko wani wili daga tarin da ke bayansa ya nuna mana kishiyar matsalar: siririyar taya a kan faffaɗan rim. Tayar ta baje, samanta ya zama shimfiɗaɗɗe, gefunanta marasa kauri sun fito fili inda dutse zai yanka. Ga shi ba ta da tudun da zai kare ƙarfen. Da an faɗa rami, rim ya matse tub, sai ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji, wani lokacin ma ƙarfen ya lotsa. A wajen kwana kuma, maimakon ta karkata a hankali, sai ta tsaya a kan kaifin gefenta ta jefar da kai.

Shi ya sa masu hawan duwatsu da keke mai ƙafa ɗaya ba sa ƙara girman taya su bar rim yadda yake. Kris Holm, ɗan Kanada da ya yi suna a wannan wasa har ya kafa kamfanin ƙera irin kekunan, ya fitar da rim mai faɗin milimita 47 ta waje don tayoyi masu faɗin inci 3, wato wajen milimita 76. Da gindi mai faɗi haka, za a iya rage iska don tayar ta shanye duwatsu ba tare da ta kwanta gefe ba. Abin da ɗalibina ya so ke nan, sai dai ya sayi rabin kayan ya bar rabi.

Na san masu karatu kaɗan ne ke da keke mai ƙafa ɗaya. Amma a garin nan da wuya ka shiga gida ba ka ga keke jingine a zaure ba. Da shi ake kai yara makaranta, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, da shi ake zuwa gona. Kuma yawancinsu na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban, kowace da irin ma'auninta. A nan ne lamba ta biyu take da muhimmanci, don lambar inci da muke kira a kasuwa tana da ruɗi.

Ni kaina ta taɓa cin kuɗina. Shekarar da na fara koyarwa na sayi keke na hannu irin na Japan mai kwando a gaba. Da tayar baya ta mutu na je na ce a ba ni 26. Aka ba ni 26 x 1.95. Muka yi ta fama da ita da cokula biyu har na ji wa yatsana ciwo, ta ƙi hawa. Daga baya na gane tawa 26 x 1 3/8 ce, wato 590, wadda aka ba ni kuma ta keken hawan dutse ce, 559. Bambancin milimita 31 ne, suna kuwa ɗaya. Mai shagon ya ce an riga an ɓata ta, ba ya karɓa.

Ni dai kuɗi kawai na yi asara, don tayar da ta yi ƙanƙanta ba ta hawa. Wadda ta ɗan yi girma ita ce abin tsoro, don takan shiga cikin sauƙi, mutum ya yi murna, sai an hura ta ko an ɗora kaya bakinta ya fice daga rim, tub ya fashe ana cikin tafiya. Inci 28 ma iri biyu ne: tsofaffin baƙaƙen kekunan nan irin Phoenix da Raleigh na iyayenmu 28 x 1 1/2 ne, wato 635, na zamani kuma da ake rubuta wa 700C su ne 622. Abin dariya, inci 27 shi ne 630, ya fi wancan 28 ɗin na zamani girma. Inci 20 akwai 406 akwai 451. Kuma idan ka ga an rubuta faɗi da ɗigo, kamar 1.75, wani kuma da layin rabawa, kamar 1 3/4, kada ka ɗauka ɗaya ne ko da lissafin aji ya ce haka, don galibi rim ɗinsu daban.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka fita sayen taya, duƙa ka goge ƙurar gefen tsohuwar ka karanta ƙananan lambobin, ko ka ɗauke su hoto a waya. Lamba ta biyu dole ta zo daidai, babu ciniki a kanta. Idan kana son ƙara faɗi ko ragewa, sa a cire tayar a auna cikin rim da rula. Kada a auna ta waje, don kaurin ƙarfen zai shiga lissafin ya yaudare ka. Ka ninka abin da ka samu sau ɗaya da rabi, ka kuma ninka shi sau biyu da rabi, tayarka ta faɗo tsakanin nan. Ka duba ko za ta wuce tsakanin ƙarafan jikin keken ba ta goga ba. Tub ma yana da nasa lambobin a jiki, a saya daidai. Sannan iska: akwai adadin da aka rubuta a gefen kowace taya, kada a wuce shi, kada kuma a yi ƙasa da shi sosai, musamman idan tayar ta ɗan fi rim ɗin.

Ranar Baba ya laluba cikin kayansa ya samo 47-406 mai sauran rai, ya ɗora, ya hura ta ta yi tauri. Ƙatuwar kuma ya karɓe ta a madadin kuɗin aiki, ya ce akwai mai keken da rim ɗinsa zai ɗauke ta. Ban bar yaron ya hau ba, saboda hannun. Da magariba na bi ta gidansu na gaida mahaifinsa, na ajiye masa tsohuwar tayar da takardar da na yi lissafin a kai. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, na ji. Amma sai hannun ya warke, kuma sai da hular kwano. Titi kuwa ban yarda ba."

Bayan mako 3 aka kwance bandejin. Ina gyaran littattafai a ofis na ji ihun yara daga filin ƙwallo, na leƙa ta taga na gan shi da hular aro a kai, ya shiga zagaye na biyu. Washegari na kawo tayoyi 4 aji, na raba wa yara rula, muka yi darasin rabawa da su.