Wa ke tsaye bayan mai koyon allura?

A damanar bara mun raka wata ƙanwarmu mai saida tumatur wani gidan likita, ɗanta na fama da masassarar cizon sauro. Wata yarinya mai farar riga ta zo sa mishi ƙarin ruwa. Ta soka sau ɗaya, ba ta samu jijiya ba. Ta sake, haka. A na uku uwar ta fizge hannun ɗanta, ta ce: "Ke, ɗiyata, ba kan nawa za ki koya ba!" Sai a lokacin muka gane ƴar lakwal ce mai koyon aiki. Majo kuwa yana can wani ɗaki da layin mutane.

Ba mu ga laifin uwar ba. Amma yarinyar ma ba ta da laifi. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sani: ba a koyon awon tiya daga nesa. Shekara uku ɗalibi ke yi, ko mai birbe ko mai bak, a lakwal ɗin kiwon lafiya ta gwamnati, ENSP, da ke Yamai da Damagaram, ko a masu zaman kansu da suka yawaita. A aji yana soka allura a jikin roba. Roba ba ta kuka, ba ta motsi, jijiyarta ba ta ɓuya kamar ta yaron da zazzaɓi ya ƙone. Dole wata rana a kawo shi gaban ɗan mutum.

Ƙa'idar ita ce ya fara da kallo, sannan ya yi babba na tsaye a kansa, kafin a sake mishi hannu. Ana duba ko ya wanke hannu, ko ya auna nauyin yaro kafin ya ja magani, tunda allurar masassara mai tsanani da kilo ake lissafa ta, ko ya karanta sunan kwalba, har da yadda ya yi wa majinyaci magana. Abin da aka gani ake rubutawa cikin karnensa, a ba shi maki.

To, a nan gizo ke saƙa. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakunan yara cike suke, ɗalibai ga su rututu, mai lura da su ɗaya ne, shi ma aiki ya sha kansa. Idan ya sa hannu a karne kan abin da bai gani da idonsa ba, wannan makin ne zai bi ɗalibi har likitar ƙauye, inda babu wanda zai kira.

Saboda haka, uwar gida, kada ki kore ta, kada kuma ki yi shiru. Tambaye ta: "Wa ke lura da ke?" Idan ta soka sau biyu ba ta dace ba, ki ce a kira majo. Ranar nan da ya zo, bai karɓi allurar ba. Ya kama yatsan yarinyar ya ɗora a bayan hannun yaron, ya ce ta taɓa ta ji. Ita ce ta sa ruwan.